Yadda ake haɗa ƙungiyar waƙa a yi rikodin ta intanet, kowa yana garinsu

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu kuma har yau ɗin nan bamu taɓa zama mu huɗun a ɗaki ɗaya ba. Ni ina Kano, ni ke rubuta baitoci ina rerawa, mai fiyanonmu yana Maraɗi, wadda ke mana amshi aure ya kaita Kumasi, sai ƙaramin cikinmu da ke haɗa sautin a ƙarshe yana karatu a Kaduna. Mai kalangu kuma sai buƙata ta taso muke nemo shi mu biya shi. Ba mu muka fara ba, tun farkon shekarun 2000 wasu Amurkawa biyu, ɗaya a Kalifoniya ɗaya a Siyatil, sun rinƙa aika wa juna faifan CD wannan ya sa kiɗa wancan ya ɗora murya ya mayar, shi ya sa ma suka sa wa ƙungiyar suna The Postal Service, kundin da suka fitar a 2003 ya sayu sama da miliyan ɗaya. Toh su da faifai suka yi, mu ga waya a hannu.

Abun da zaka fara cirewa a ranka shi ne wai zaku kira juna ta bidiyo ku buga tare a lokaci ɗaya kamar kuna sitidiyo. Mun gwada ranar farko, wallahi abun dariya, ina shiga baiti mai fiyano yana can baya, shi ya rage sauri dan ya jira ni, ni ma na rage dan in jira shi, kafin minti ɗaya waƙar biki ta koma kamar ta ta'aziyya. Dalilin shi ne jinkirin da sauti ke yi a hanya. Kunnen makaɗi yana iya jure jinkirin milisakan 25 zuwa 30 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), wato kamar abokin kiɗanka yana tsaye nesa da kai da mita 10, tunda sauti a iska mita 343 yake ci a sakan. Kiran waya ta intanet kuma jinkirinsa ya ninka wannan sau da yawa. Ka lissafa, waƙa mai bugu 120 a minti kowane bugu rabin sakan ne, in sautinka ya makara da milisakan 200 kaga kusan rabin bugu ya tafi kenan. Kuma ko netwok ɗinku ya kai me akwai iyakar da ba a tsallakewa, haske a cikin wayar faiba kusan kilomita 200 yake yi a milisakan ɗaya, daga Kano zuwa Landan sama da kilomita 4,000 ne, milisakan 20 da ɗoriya sun tafi tun kafin waya da kwamfuta su ci nasu, balle wayar faibar ba miƙe take ba sai ta bi ta Legas ta shiga ƙarƙashin teku. Akwai manhajojin da aka yi dan buga kiɗa kai tsaye, Jamulus, SonoBus, JackTrip, suna aiki sosai amma ga waɗanda ke kusa da juna masu intanet na kebul da aka jona a jikin kwamfuta. Mu masu data da hospot mu haƙura kawai.

Saboda haka aikin ɗaya bayan ɗaya ake yi, kamar gini, wannan ya sa nasa layin bulo ya miƙa wa na gaba. Duk abun da zan faɗa a ƙasa akan wannan yake zaune.

Mataki na farko mutane. Kar ka tara jama'a, uku zuwa biyar sun isa, kuma ka nemi mai cika alƙawari kafin ka nemi gwani, dan gwanin da zai riƙe maka fayil sati uku yana cewa gobe insha Allahu ya fi ɓata aiki akan matsakaicin da zai turo yau da dare. Yadda muke gwada sabon mutum shi ne mu tura masa ɗan kiɗa na sakan 30 muce ɗora abun da ka ga dama ka dawo da shi kafin jibi. A nan zaka ji hannunsa, ka ji ɗakinsa, ka kuma ga alƙawarinsa. Sannan tun ranar farko a naɗa mutum ɗaya wanda maganarsa ce ta ƙarshe akan sauti, kuma shi kaɗai ke riƙe da babban fayil ɗin aikin. In kowa furodusa ne waƙar bata fita. Ku buɗe guruf, ku tsaida rana ɗaya a sati ta magana, ku kuma lura da agogo: Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi lokacinsu ɗaya, Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu. Mu sai muka daina cewa ƙarfe kaza, muke cewa bayan isha'in Kano.

Na biyu kayan aiki, a nan mutane ke tsorata kuma babu abun tsoro. Da waya da iyafis mai igiya zaka iya farawa. Na ce mai igiya, dan na bulutut yana makarar da sautin kafin ya iso kunnenka, zaka rera daidai a jinka amma in aka saurara kana bayan kiɗa. In akwai ɗan kuɗi a sayi sawun kad ƙarami, wato akwatin da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta, irin su Behringer ko Focusrite Scarlett da makirfo ɗaya. Makirfon kondensa irin AT2020 yana ɗauko murya tas amma sai an kunna masa wutar 48V ta jikin sawun kad ɗin, kuma yana ɗauko komai har kukan akuyar maƙwabta. In unguwarku akwai hayaniya gara irin na hannu kamar Shure SM58, shi sai abun da ke kusa da bakinsa yake ji sosai. Ni a ganina duk wanda ke zaune a bakin titin da adaidaita ke bi kar ya wahalar da kansa da kondensa.

Manhaja kuma ku zaɓi wadda kowa zai iya. BandLab kyauta ce, kamfanin Singafo ne, tana aiki a waya da kuma burauza, zaku iya buɗe aiki ɗaya kowa ya shiga ya ɗora nasa layin, wato sautin muryarsa ko kiɗansa shi kaɗai, kuma akwai wajen gwajin jinkiri a saitinta na Android, a yi shi kafin a fara. Soundtrap ma haka take aiki. Mai kwamfuta yana da Audacity kyauta, ko Reaper da ake gwadawa kwana 60 kafin a biya dala 60, ga kuma FL Studio da Cubase da yawancin sitidiyonmu suka saba da su. Ba dole sai kowa ya yi amfani da iri ɗaya ba, mu kam huɗu ne manhaja uku, abun da ya zama dole shi ne fayil ɗin da zai fito daga wajen kowa ya zama iri ɗaya.

Wanda ya kawo mu mataki na uku, yarjejeniyar lambobi, ku rubuta ta ku maƙala a saman guruf. Saurin waƙa bugu nawa a minti, misali 104. Ki ɗin da za a yi a kai, wato matakin murya, sama ko ƙasa, da za a ɗora waƙar. Sannan kowa ya saita rikodin ɗinsa a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, 48 kHz, 24 bit, ko 44.1 in kun ga dama, muhimmin abun kar wani ya yi 48 wani 44.1, dan in manhajar bata juya shi da kanta ba zaka ji muryar ta canza sauri ta kuma sauka ko ta hau da kusan maɓallin fiyano ɗaya da rabi, ka zauna kana zargin mutum bai iya waƙa ba alhali lamba ce. Maganar ki kuma a tambayi masu murya tukunna, musamman in akwai mace da namiji. Ki ɗin da ya min daɗi ya taɓa shaƙe mai amshinmu a sama, sai da mai fiyano ya sake komai daga farko, da an tambaye ta tun farko da saƙon murya na sakan goma ya raba gardama.

Na huɗu, a yi uwa. Haka muke kiran fayil ɗin farko da kowa zai bi. Ba sai ta yi kyau ba, kiɗa ne sassauƙa da fiyano da muryar gwaji daga farkon waƙa har ƙarshe, dan kowa ya san ina baiti ina amshi ina za a bar wa kiɗa fili. Abu biyu ne kar a manta a cikinta. Ɗaya, a sa ƙirga a farko, ƙwas ƙwas guda takwas kafin kiɗa ya shiga. Biyu, da zarar kowa yace ya yarda da tsarin toh an kulle, babu mai zuwa bayan kwana huɗu yace a ƙara baiti a tsakiya, dan duk wanda ya riga ya yi nasa sai ya sake. A fitar da uwa kala biyu, mai murya da marar murya, a rubuta tsarin a saƙo: shiga daga sakan kaza, baiti na ɗaya daga kaza zuwa kaza, amshi, haka har ƙarshe.

Daga nan sai a bi layi. Mu tsarinmu ganguna da bes tukunna, sai fiyano da sauran kayan kiɗa, sai babbar murya, sai amshi, kayan ado irin sarewa da guɗa su ne ƙarshe. Duk wanda ya gama ya tura wa mai riƙe da babban fayil, shi zai ɗora ya fitar da sabuwar uwa ya ba na gaba. Kar ku rinƙa miƙa wa juna kai tsaye ta bayan fage, nan ake samun mutum biyu suna aiki akan uwa daban daban.

Bari in ɗan tsaya akan kayan gargajiya dan nan ne muka fi shan wahala. Mai kalangun da muke ɗauka dattijo ne, ya shekara talatin yana kiɗan biki, ranar da na sa masa hedifon yana jin ƙwas ƙwas ɗin nan sai ya cire ya kalle ni yace ɗana wannan agogon fa, shi zan bi ko waƙar? Na ce baba duka biyun. Yace toh ɗaya zaka zaɓa. Kuma gaskiyarsa, kalangu magana yake yi, ana matse tsarkiya sauti ya hau a saki ya sauka yana bin hawa da saukar Hausa, makaɗin yana ɗan gaba yana ɗan baya da gangan, in ka ɗaure shi a ƙwas ƙwas ya zama na roba. Abun da ya yi mana aiki shi ne muka cire masa ƙirgar muka bar masa kacau-kacau da bes da muryata kawai a kunne ɗaya, ɗayan kunnen a buɗe yana jin gangarsa. Wata waƙar ma juya abun muka yi, shi ya fara bugawa yadda ransa ke so sannan aka auna saurin daga hannunsa aka gina sauran a kai. Masu tsirkiya irin gurmi, garaya, goge da kuntigi kuma matsalarsu ɗauri, ba a kan ma'aunin 440 na fiyano suke ɗaure kayansu ba, kunne ne. Ko dai a tura wa makaɗin sautin ki ɗin yana ta ƙara na minti ɗaya ya ɗaure a kai, ko a bar shi ya fara sai mai fiyano ya matsa nasa, fiyanon Yamaha da muke amfani da su suna da wajen matsa tunin kaɗan kaɗan. Ni na fi son na biyun, sautin ya fi zama namu.

Na biyar, ranar rikodin ɗinka kai kanka. Ɗaki ya fi makirfo muhimmanci. Ɗaki mai tayil da silin babu kaya zai baka eko irin na banɗaki wanda da wuya a cire shi daga baya. Ɗakin da ke da katifa, labule, kafet da tarin kaya shi ake nema, ɗakin ƙasa ma in akwai yana da daɗin sauti. Ni wadrob nake buɗewa in tsaya ina fuskantar kayan sawa, in jingina katifa a bayana, in rataya bargo a ƙofa, zafi kam zaka sha dan fanka dole a kashe. A kashe firij in yana kusa, in inji ne ke aiki a jira. Laftof kuma a cire masa caja a yi da batir, sau da yawa wannan zuuu ɗin da kake ji a ƙasan murya daga caja yake zuwa. Waya a sa ta a yanayin jirgi kar kira ya yanke maka baiti mai kyau. Lokaci mafi daɗi bayan sha ɗaya na dare, ko bayan asuba kafin gari ya tashi in zakarun unguwa sun yarda.

Tsakanin bakinka da makirfo kamar tafin hannu ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka ɗan karkata shi gefe dan iskar haruffa irin su fa da ba kar ta buge shi, in babu abun tare iska a ɗaura safa mai laushi a zagayen wayar ƙarfe a sa a gaba. Ƙarfin shigar sauti kar ya taɓa ja, ka rera wajen da ka fi ɗaga murya ka duba mitar ƙarfin sauti a manhajar, ya tsaya tsakanin -12 da -6. Ƙaramin sauti ana ɗaga shi, wanda ya fashe ya fashe kenan. Hedifon kar ka ƙure shi, in kiɗan yana zubowa cikin makirfo zai dame mai miksin, wato mai haɗa sautin.

Ga wata dabara da ta cece mu. In ka danna rikodin, lokacin da ƙirgar farkon nan ke bugawa ka cire iyafis ɗaya ka manna a bakin makirfo ya ɗauki ƙwas huɗu, sannan ka maida kunne. Mai haɗawa zai ga tsinin ƙwas ɗin a layinka ya jera shi da na uwa, duk jinkirin da wayarka ta ƙara ya gyaru a sakan biyar. Kuma ka yi ɗauka uku cikakku, kar ka tura ɗaya kace ita ce, bari mai miksin ya tsinci baiti mai kyau a nan ya tsinci amshi a can. Masu amshi su ninka, mutum ɗaya ta rera sau uku ko huɗu daban daban sai a baza hagu da dama ya fito kamar 'yan amshi ne cike da ɗaki. Kwafin ɗauka ɗaya a liƙa sau huɗu baya bada wannan, ƙara kawai yake.

Na shida turawa, nan kuma ake zubar da wahalar da aka sha. Ka fitar da layinka shi kaɗai babu kiɗa a ƙasa, busasshe, babu eko babu Auto-Tune, in kana son a ji yadda kake so ya kasance ka tura wani daban mai kwalliya a matsayin misali. Ka fitar daga sakan sifili har ƙarshen waƙa ko da a minti na uku kaɗai ka yi magana, shirun nan shi ke sa kowane layi ya faɗa gurbinsa. Murya ɗaya mono ce, wato hanya ɗaya, fiyano ne sitiriyo mai hagu da dama. Kar ka tura MP3, yana zubar da wani ɓangare na sautin kuma yana ƙara ɗan shiru a farko da ke gusar da layi. Saƙon murya na WhatsApp ma matse sauti yake dan na hira ne, in zaka tura ta can ka tura a matsayin dokumen, yana ɗaukar har 2GB kuma fayil ɗin zai isa yadda yake. Telegram ma haka. Amma ma'ajiya ta gaskiya folda ɗaya ce a Google Drive, kyauta ana bada 15GB, kowace waƙa da foldarta.

Ka san nauyin abun dan data: layi ɗaya mono a 48 da 24 kusan 8.6MB ne a minti, waƙar minti huɗu kusan 35MB, layi goma 350MB kenan, mai miksin shi zai fi shan data saboda haka a rinƙa haɗa masa kuɗinta, a yi lodin da dare. Mai fiyanonmu in yace rezo, wato netwok, babu kyau mun san sai gobe. Suna kuma a sa wa fayil na hankali: sunan waƙa, kayan kiɗa, sauri, lambar ɗauka, kwanan wata. Mun taɓa samun fayil uku a folda, ɗaya na ƙarshe, ɗaya na ƙarshe gaske, ɗaya na ƙarshe wallahi, kuma wanda aka yi miksin da shi ba ko ɗaya daga ciki bane.

Miksin mutum ɗaya ke yi. In ya turo kowa ya saurara a waya, a hedifon, a ƙaramar sifika irin ta mai shayi, a mota in akwai, dan a nan jama'a zasu ji ba a sitidiyo ba. Gyara a rubuta da lokaci, a 1:42 amshi ya danne baiti, ba wai kawai ni dai bai min ba. A tara gyaran kowa a saƙo ɗaya, zagaye biyu ko uku a rufe. Kuma kowa zai ce a ɗaga nasa, wannan halin ɗan adam ne, shi ya sa aka naɗa mai maganar ƙarshe. Wajen mastarin, wato gyaran ƙarshe bayan miksin, kar a matse waƙa dan neman ƙara, Spotify ma daidaita ƙarar waƙoƙi yake zuwa wajen -14 a ma'aunin ƙara na LUFS, wanda ya ƙure sai a sauke shi.

Saura maganar da ke raba zumunci, kuɗi. A yi ta kafin waƙa ta fita, lokacin babu ko sisi kowa yana da kunya. A rubuta wa ya yi baitoci, wa ya yi kari, wa ya yi kiɗa, wa ya rera, kowa kashi nawa cikin ɗari, wa aka biya ladan aikinsa aka sallama irin baba mai kalangu, kowa ya sa hannu ya ɗauki hoto ya turo. A faɗi da sunan wa za a buɗe YouTube da Audiomack da asusun dillalin da zai kai waƙar Spotify da Boomplay da Apple Music, irin su DistroKid ko TuneCore, kuma lambar sirri kar ta zauna a hannun mutum ɗaya. Mu da muke ƙasa uku, naira da sefa da sidi, sai da muka tsaida kuɗin da za a rinƙa lissafi da shi da kuma wanda zai ɗauki cajin turawa. Kiɗan da aka sauke a YouTube kuma kar a ɗora waƙa a kai sai an sayi izini a rubuce, in ba haka ba na'urar gano mallaka ta kama shi kuɗin ya tafi wajen mai kiɗan. Wanda ke Kano ya kuma bincika ƙa'idar hukumar tace fina-finai ta jiha kafin ya saki.

In waƙa ta fita kar a goge komai. Mai miksin ya fitar da kowane layi daban ya zuba a folda, a ajiye a waje biyu, Drive da kuma filashi ko had disk a gidan wani daban, tare da takardar rabon nan da ɗan rubutu mai sauri da ki. Ranar da aka gayyace ku biki ana son kiɗan babu murya, ko mai fim ya nemi amshi kaɗai, minti biyar ne ku ciro.